Malaman Damargu: an ba su alli, an hana su takarda

Kowace shekara, da an shiga watan Oktoba aka buɗe makarantu, motocin da ke tashi daga Damagaram su bi hanyar Agadas sukan ɗauki wani irin fasinja wanda ƴan kasuwar Tanut sun saba gane shi tun daga nesa. Saurayi ne, wani lokaci budurwa, da jaka ɗaya da tabarma, da takardar ma'aikatar ilimi a aljihu. Ya gama jami'a. Yana da lisansi ko metiriz ko masta, a tarihi, ko labarin ƙasa, ko kimiyyar sinadarai, ko shari'a, ko tattalin arziki. Abu ɗaya ne bai taɓa karantawa ba, shi ne aikin da aka turo shi ya yi. Kafin mako ya zagayo za a damƙa masa alli da rajista da ajin siziyam, watakila har da turwaziyam mai jiran jarrabawar birbe, a yi masa fatan alheri a juya.

Babu aibu don mai digirin sinadarai ya shiga aji. Aibun yana wurin gwamnatin da ta ga ya isa ta ba shi amanar ƴaƴan talakawa shekara biyu, shekara biyar, shekara goma, sannan idan aka zo maganar takardar shaidar koyarwa da lambar matirkil sai ta dube shi ta ce ai shi ba malami ba ne. In bai isa ba, me yake yi a gaban yara? In kuwa ya isa, ina takardarsa? Fiye da shekara 25 ke nan ana cin moriyar wannan baki biyu, kuma yankuna irin Damargu, inda ɗan babban gida ba ya yarda a tura shi, su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Wannan hali yana da tarihi, kuma ma'aikatan da suka yi zamanin bashin albashi ba su manta ba. Da farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka zo da tsarin tsuke bakin aljihu, aka daina ɗaukar duk wanda ya fito jami'a aikin gwamnati kai tsaye. Ɗaliban da aka buɗe ma wuta a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, har uku suka rasu, kan irin wannan tsari suka fito. Aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, aka sha jawabai. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Makarantu suka yi ta asarar shekarun karatu saboda yajin aiki. Sai 1998, zamanin Janar Bare, aka fitar da dokar tsara ilimi ta LOSEN ranar 1 ga Yuni, kuma a shekarar nan aka ƙirƙiro «ƴan sa-kai na ilimi», waɗanda daga baya aka sake ma suna ƴan kwantaragi. Jika 35 a wata aka fara ba su, kuɗin da gwamnati ba ta ma yarda ta kira shi albashi ba, sai dai pekil. Horo kuwa na kwana 45 ne, ga wanda ya dace ya samu. A daidai wannan lokaci aka shiga sallamar ma'aikatan da suka cika shekara 30 da aiki, wato aka kori tsofaffin mushe waɗanda a hannunsu sabon shiga zai koyi sana'a.

A faɗi gaskiya ko da ba ta yi ma mai suka daɗi ba: dabarar ta cika azuzuwa. Da shirin shekara goma na PDDE da aka fara a 2003, yaran da ke shiga lakwal sun tashi daga kusan kashi ɗaya cikin uku a shekarar 2000 zuwa fiye da biyu cikin uku a shekarun 2010. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba sun gani. Amma yaro ba ya dawwama a firamare. Da wannan ambaliya ta iso kwalej, sai aka tarar babu malaman lissafi, babu na kimiyya, babu na Faransanci, kuma makarantar horon manyan malamai ta ENS da ke jami'ar Yamai ba ta iya yaye ko rabin abin da ake bukata. Da me aka toshe ramin? Da ƴan sarbis sibik, masu bautar ƙasa ta shekara biyu, da kuma ƴan kwantaragi masu digiri iri-iri. An ce na ɗan lokaci ne. Yaran da aka haifa a shekarar da aka faɗi haka yanzu su ma suna cikin masu riƙe alli.

To, akwai wata magana da masu digirin kansu ba sa son ji, kuma dole a gaya musu. Lisansi ba ya mai da mutum malami. Wanda ya san lissafi daban, wanda ya iya sa yaro ɗan shekara 13 ya gane lissafi daban. Ga wanda ke shakka, sai ya leƙa ajin siziyam a gundumar Tanut ko ta Belbeji. Yaran da ke zaune a ciki, wani da Hausa ya tashi, wani da Tamajak, wani da Fulatanci, wani da harshen Dagira, wani da Larabci, kuma dukansu da Faransanci za a koya musu, harshen da ba wanda ya taɓa jin uwarsa ta yi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke gama firamare, ko ɗaya bai cika kai matakin iya karatu da ake bukata ba. Na 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma har a lokacin mafi yawa ba su kai ba. Irin waɗannan yara ne ke isowa kwalej. Da yawansu sun baro ƙauye suna zaune gidan mai masauki, wasu ba su karya kumallo ba. In damina ta yi gardama, kamar yadda takan yi a Damargu, iyali su tashi cin rani ko su bi dabbobi, aji ya ragu tun kafin sanyi ya wuce.

Saurayin da ya fito daga babban ɗakin lacca na jami'a abu ɗaya ya sani: malami ya yi ta magana, ɗalibi ya yi ta rubutu. Shi zai maimaita. Zai cika allo da darasin da ya kwafo daga tsohon littafinsa, yara su kwafe abin da ba su gane ba, ranar jarrabawa ya raba musu 3 da 4 bisa 20, ya ce yaran yanzu ba su da kai. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya nuna masa wata hanya. Yadda ake shirya darasin awa ɗaya, yadda ake gano inda yaro ya ɓace, yadda ake tsara tambayar da ke auna fahimta, yadda ake riƙe babban aji ba da bulala ba, lokacin da ya dace a sa kalmar Hausa ɗaya don a buɗe ma yaro ƙofar jimlar Faransanci, duk abubuwa ne da ake koyo, kuma ba sa cin shekara huɗu ga wanda ya riga ya mallaki fanninsa. Wasu sukan gano su da kansu bayan shekara uku ko huɗu. Kuɗin wannan koyo ƴaƴan mutane ne suka biya shi, waɗanda aka kora daga siziyam suka koma gona.

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992 ya isa misali. Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa, kimiyyar fizik ya karanta a Faransa. Bai tsaya ya ce digirinsa ya wadatar ba: ya zauna jarrabawar agregasiyo, babbar gasar zama malami, ya ci a 1956, ya koyar a lise, kuma a 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka wanda har yau ake karantawa. Daga wani fanni ya shigo koyarwa, amma ta ƙofa ya shigo, don akwai ƙofar.

Ina ƙofar ɗan kwantaragin da ke Tarka? A takarda tana nan. ENS tana ba da DAP/CEG ga malaman kwalej, tana ba da CAPES ga na lise. Jami'o'in da aka buɗe a 2010 sun kawo karatu kusa, har an kafa sashen ilimin koyarwa a Damagaram da Tawa. Sai dai duk an ɗinka su ne daidai wuyan ɗalibin da ke zaune cikin gari, ba ya da aji, ba ya da iyali. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Wanda ke rayuwa da pekil, pekil ɗin ma da ya sha yin makara, da me zai bar aiki ya je ya kama haya a babban birni? In ya tafi, wa zai riƙe ajinsa? Kwankur ɗin ƙarin girma kuwa na masu lamba ne, shi kuma lambar ce ba ya da ita. Abin da ke isowa gare shi sai tarukan ƙara ma juna sani na kwana biyar ko goma, waɗanda wata ƙungiyar waje ke biya, a ci abinci, a raba kuɗin zama, a ba shi takardar halarta wadda ba ta ƙara masa ko dala a wata. Yana iya tara irinta goma cikin akwati, ba za su haɗu su zama difloma ɗaya ba.

Gaskiya ne lokaci-lokaci akan ɗebi wasu ƴan kwantaragi a ba su lamba. Amma wannan rabo ne da ke zuwa idan aljihun gwamnati ya yi nauyi, ko sandika ta matsa, ko zaɓe ya ƙarato. Ba ya nuna an duba aikin mutum a aji an ga ya ƙware. Sai a wayi gari ga mai lamba wanda ba a taɓa horar da shi ba, ga kuma gwani wanda ya shekara takwas yana fitar da yara a birbe yana nan da pekil.

Ƴan kasuwa sun fi kowa gane rashin adalcin nan, don a kasuwa ba a yin haka. Yaron kanti yakan yi shekaru yana yi ma maigida hidima, yana koyon ciniki da lissafi da halin mutane, kuma kowa ya san ranar sallama tana zuwa, ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Maigidan da ya riƙe yaro shekara goma bai koya masa komai ba, bai kuma sallame shi ba, sunansa ya ɓaci daga Bakin Birji har Kano. Karen mota ma yana da ranar da zai zauna jarrabawa ya karɓi farmi.

Masu zuwa Kano ɗin kuwa sun ga yadda maƙwabta suka warware wannan ƙulli. A Najeriya, wanda ya karanta wani fanni yana son koyarwa yakan yi karatun PGDE na kimanin shekara ɗaya. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana ba da shi a cibiyoyi cikin jihohi, ƙarshen mako da lokacin hutu, malami yana kan aikinsa. Daga nan hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ta yi masa rajista. Kar a ce makarantun Najeriya aljanna ne. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar ƴan aji huɗu na firamare. Amma hanyar tana nan, kowa ya san tsawonta da kuɗinta da abin da ke ƙarshenta. Ingila tana da irinta ta shekara ɗaya. Faransa ma, wadda a wurinta aka aro sunan CAPES, tana da gasar cikin gida ga wanda ya yi shekara uku yana aiki, kuma tun 2002 tana da dokar da ke ba mutum damar mai da ƙwarewar aikinsa difloma. An aro suna, an bar ƙofar gefen can.

Akwai masu cewa buɗe irin wannan hanya zai zubar da darajar sana'a, ya mai da difloma kayan rabo, ya cuci wanda ya yi shekarunsa a ENS. Tsoron yana da tushe a ƙasar da kowa ya san ma'anar PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Amma su dubi abin da suke karewa. Mutanen nan ba a bakin ƙofar makaranta suke suna roƙon a shigar da su ba. Suna cikin aji tun da daɗewa, su ne ma ke gyara takardun jarrabawa. Hana su takarda bai fitar da ko ɗaya daga aji ba. Abin da ya yi kawai shi ne tabbatar da cewa za su ci gaba da koyarwa ba horo, kuma da araha. Wanda ke amfana da wannan tsarki na ƙarya shi ne mai lissafin kasafin kuɗi a Yamai.

An kuma gwada ɗaya hanyar, ta bulala. A watan Yuli 2017, zamanin minista Dauda Mamadu Marte, aka zaunar da dubban ƴan kwantaragin firamare jarrabawar Faransanci da lissafi, sandika-sandika suna kiran a ƙaurace. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki, aka soke kwantaragin wasu. Sakamakon ya ba da kunya, amma kunyar wa? Wa ya ɗauke su? Wa ya sa hannu a takardunsu shekara da shekaru? Auna mutum ba tare da an shimfiɗa masa hanyar gyara ba, neman wanda za a ɗora ma laifi ne.

Abin da ake bukata ba ya da wuyar faɗi. Duk mai lisansi ko sama da haka da ya cika shekara biyu yana koyarwa, a rubuta sunansa kai tsaye cikin horon shekara ɗaya, yana kan aikinsa. Babban hutun damina wata uku ne. A tara su a Damagaram, inda akwai jami'ar Andre Salifu da makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, ga ɗakuna ga malamai. Cikin shekara, masu ba da shawara kan koyarwa su riƙa zuwa ajinsa, ba sau ɗaya ba. A ƙarshe kwamitin da ba na gundumarsa ba ya zauna bayan aji ya ga darasinsa da ido, ya duba littattafan yaransa, ya kuma auna shi a fannin da yake koyarwa, domin mai digirin shari'a da aka ba Faransanci sai ya nuna ya iya nahawun da yake gyara ma yara. Wanda ya ci, a ba shi difloma mai daraja ɗaya da ta ENS, lamba ta biyo baya cikin wa'adin da doka ta yanke. Wanda ya faɗi sau biyu, a sallame shi da mutunci ya nemi wata sana'a. Difloma da kowa ke ci ba difloma ba ce, kuma masu digirin da ke neman a ba su ita don sun daɗe kawai, su ma ba su da gaskiya.

Sai sharaɗi ɗaya da ya shafi Damargu musamman: wanda aka horar daga nan ya sa hannu zai yi aƙalla shekara biyar a nan. In ba haka ba, Tanut da Belbeji za su zama wurin koyon aski kawai, inda ake gwada hannu a kan ƴaƴan makiyaya da manoma, da an ƙware a nemi wani kawu a ma'aikata ya mai da mutum cikin birni. Hanya mafi sauƙi ta riƙe malami ita ce a fara da ƴan yankin da suka yi jami'a suka dawo gida suna zaune, waɗanda suka san harsunan yaran, kuma zafin bazara da nisan rijiya ba za su kore su ba. Mata musamman: uban da ke ɗari-ɗarin barin ƴarsa ta wuce firamare yakan sake tunani in ya ga ƴar garinsu ce ke riƙe da aji.

Za a ce babu kuɗi. An faɗi haka a 1998, an faɗa a 2003, ana nan ana faɗi. Gundumomin biyu, tun da aka cire Belbeji daga Tanut a 2011, suna da mutum sama da dubu 500 a ƙidayar 2012. Ƙasar nan ce da can take ciyar da Abzin da hatsi, ayarin Buzaye na sauka su yi awo. A cikinta, a karamar hukumar Olelewa, matatar SORAZ take, wadda aka buɗe a Nuwamba 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. Yaron da ke hango wutar matatar da dare daga ƙauyensu, in har zai taɓa shiga cikinta da rigar injiniya ba da tsintsiya ba, sai ya sami malamin lissafi da na kimiyya da suka iya aikinsu. Kuɗin mai da na babur da za a ba masu duba malamai, da ciyar da ƴan horo wata uku, ba su kai abin da ake kashewa a tarukan otal na Yamai kan «ingancin ilimi» ba.

Gwamnatoci sun zo sun wuce a kan maganar nan, na farar hula da na soja. Har malami ya hau kujerar shugaban ƙasa: Bazum Muhammad falsafa ya karanta a Dakar, ya koyar a lise a Tawa da Maraɗi, ya yi gwagwarmayar sandika, ya kuma sa ilimi a gaban jawabansa daga 2021 har juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ya bar ƴan kwantaragi da pekil kamar yadda ya tarar da su. Hukumomin da suka karɓa sun gaji kayan, kuma tun da maganar ƴancin kai da dogaro da kai ce a bakinsu, ga wurin gwaji: tsarin malami mai araha daga waje aka kawo shi.

Kafin Yamai ta motsa, akwai abin da iyaye da kwamitocin COGES da manyan ƴan kasuwar Tanut da Belbeji ke iya nema tun buɗe makaranta mai zuwa, ba sai an jira doka ba. Hukumar ilimi ta jihar Damagaram ta sa a liƙa a ƙofar kowace kwalej jerin malamanta: abin da kowane ya karanta, abin da yake koyarwa, shekara nawa ya yi a aji, da ko yana da takardar koyarwa ko babu. Direktoci suna da wannan bayani a cikin diro. Abin da fitar da shi zai ci, takarda ɗaya ce da ƙusa huɗu.